Raƙumin Ruwan Da Yashi Ya Gina A Bakin Hamadar Namibiya

A gaɓar tekun Atlantika ta ƙasar Namibiya, yamma da garin Walvis Bay, akwai wani dogon harshen yashi da ya miƙe cikin teku ya nufi arewa, ba itace a kansa, ba ciyawa, ba rijiya. Sunansa Pelican Point, watau Tsinin Kwasakwasa. In ban da wata tsohuwar hasumiyar fitila mai yi wa jiragen ruwa jagora da masaukin baƙi ɗaya a gindinta, mazauna wurin su ne diloli, da tsuntsayen ruwa, da dubban wasu dabbobin teku masu gashi da gashin baki, waɗanda ƙirarsu ta ɗan yi kama da ta ayu, Turawa na ce musu sil. Yawancin kwanakin shekara mutum zai wuni a nan bai ga kome ba sai hazo da iska.

Amma a cikin 'yan kwanaki ƙalilan tsakanin watan Mayu da Satumba, lokacin da kudancin duniya ke cikin sanyi, tun kafin gari ya waye akan ga fitilun motoci sun jeru bisa yashin. Mutanen da ke fitowa daga cikinsu sun zo ne daga Afirka ta Kudu, da Hawai, da Ostireliya, da Barazil, da Turai, waɗansunsu bayan kwana biyu a cikin jirgin sama. Kowa na sanye da baƙar rigar roba tun daga wuya har idon sawu, kowa ya rungumo allonsa. Abin da ya kawo su shi ne wani raƙumin ruwa da ke karyewa a gefen wannan harshe, a wurin da mutanen ƙasar ke kira Donkey Bay, baƙi kuwa suka laƙaba masa Skeleton Bay. Gwanayen wannan wasa da yawa sun yarda cewa a duk duniya babu raƙumin da ke karyewa bisa yashi wanda ya kai shi tsawon kogo.

MENE NE WASAN?

Ga mai karatun da bai taɓa ganin abin ba, hawan raƙumin ruwa wasa ne da mutum ke kwanciya rub da ciki bisa wani allo marar nauyi, wanda tsawonsa bai cika wuce na mutum da yawa ba, ya riƙa tuƙi da hannuwansa har ya fita bayan inda ruwa ke fashewa. Sa'ad da raƙumi ya taso ya ɗaga shi, sai ya zabura ya miƙe tsaye, ya zame a gicciye bisa fuskar ruwan da ba ta riga ta karye ba, kumfa na bin sa a baya. Mutanen tsibiran Hawai ne suka shahara da wasan tun zamanin da, kuma wani ɗan ƙasarsu mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci lambar zinariya a ninƙaya a wasannin Olamfik na 1912, shi ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi a Amurka da Ostireliya. Amma Afirka ta Yamma ma ba baƙuwa ba ce a cikinsa, domin a shekarun 1830 wani Bature matafiyi ya rubuta cewa ya ga yara a bakin tekun Ankara ta ƙasar Gana suna shiga ruwa da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu, raƙumi na koro su zuwa gaɓa. A 2021 aka fara saka wasan cikin wasannin Olamfik a ƙasar Japan.

Masu wasan sun kasa wuraren hawa gida uku. Akwai bakin teku mai miƙaƙƙen yashi, inda raƙumi yakan zo gaba ɗaya ya fashe nan da nan, hawan bai cika wuce sakan goma ba. Akwai inda ruwa ke karyewa bisa duwatsun ƙarƙashin teku. Na uku, wanda ya fi daraja a wurinsu, shi ne tsini, watau inda ƙasa ta kutsa cikin teku ta yi kwana. A irin wannan wuri raƙumi ba ya fuskantar gaɓa kai tsaye, a karkace yake zuwa, saboda haka ba ya karyewa a lokaci guda. Yakan fara daga kan tsinin ya riƙa warwarewa sannu a hankali har ƙarshen gaɓar, kamar yadda ɗinki ke farkewa daga baki ɗaya zuwa ɗaya bakin. Mahayi yana iya bin sa muddin ya iya saurinsa. A Skeleton Bay wannan warwarewa takan kai kusan kilomita 2.

DAGA INA RAƘUMIN YAKE?

Abin mamaki shi ne ranar da raƙumin ya fi kyau, sau da yawa ba wata guguwa a Namibiya. Asalinsa yana can nesa kudu, a yankin tekun da ke tsakanin layi na 40 da na 50 kudu da tsakiyar duniya, inda tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai matuƙa ke jin tsoro, domin kusan babu wata ƙasa mai faɗi da za ta tare iska. Idan hadari ya yi kwanaki yana kaɗa ruwa a can, sai teku ta ɗauki ƙarfin ta aika da shi arewa a siffar wani dogon kumburi. A hanya ƙananan raƙuma sukan mutu, manya su jeru sahu-sahu. Kumburin da ke da tazarar sakan 16 tsakanin wannan tozo da wancan, nisan da ke tsakanin tozayensa a ruwa mai zurfi ya kai mita 400, kuma ayarinsa na tafiyar kusan kilomita 45 a awa ɗaya. Ke nan hadarin da ya auku kilomita 3,000 daga gaɓa, sai bayan kusan kwana uku saƙonsa zai iso.

Waɗannan kwanaki uku su ne jarin masu wasan. Suna zaune a ƙasashensu suna duban taswirar yanayi a intanet, da zarar sun ga hadari mai ƙarfi ya tsaya inda ya kamata, sai su sayi tikiti ko nawa ne, su yi tsere da kumburin zuwa Walvis Bay. Wani lokaci su riga shi isowa su sami abin da suka zo nema. Wani lokaci kuma ya iso cikin dare ya wuce kafin asuba, ko ya zo ta kusurwar da ba ta dace ba, su koma gida da aljihu wayam.

Idan kumburin ya iso gefen harshen yashin, ɓangarensa da ya shiga ruwa marar zurfi yakan rage gudu, wanda ke cikin zurfi ya ci gaba da saurinsa, sai sahun duka ya lanƙwasa, kamar yadda 'yan fareti ke shan kwana, na ciki su rage taki na waje su ƙara. Da zurfin ruwa ya ragu ya kusa daidai da tsayin raƙumin, gindinsa sai ya turje, samansa ya wuce gaba ya faɗo. Da yake ƙasan wurin ya tashi ne farat ɗaya daga zurfi zuwa tudu, leɓen ruwan yakan yi tsalle can gaba ya bar rami a tsakiya. Wannan rami shi ne kogo, kuma shiga cikinsa a fito lafiya shi ne ƙololuwar gwaninta a wasan. A yawancin wurare wanda ya yi sakan huɗu ko biyar a cikin kogo ya sami labarin bayarwa. A Skeleton Bay akan yi sakan ashirin ko fiye a kogo ɗaya.

YADDA ASIRI YA TONU

Masu wannan wasa suna da wata tsohuwar al'ada ta rowar wuri. Wanda ya gano tsini mai kyau ba ya faɗar sunansa, in ya ɗauki hoto yakan yanke duk wani dutse ko gini da zai nuna inda yake, domin raƙumi ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, kuma idan mutane suka yi yawa sai jira da faɗa. Haka 'yan tsirarun masu wasan na Walvis Bay da maƙwabciyarta Swakopmund suka yi shekaru suna zuwa Donkey Bay ba tare da duniya ta sani ba.

A 2008 wata mujallar masu wasan ta ƙasar Amurka mai suna Surfing ta sa gasa, ta ce masu karatunta su yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth su nemo gaɓar da ake zaton tana da raƙumi mai kyau wanda ba a sani ba. Wani ma'aikacin kwamfuta daga Kalifoniya, wanda ke zaune dubban kilomitoci daga Afirka, shi ya nuna wannan lanƙwasa ta yashi ya ci gasar. Mujallar ta tura ayari tare da gwanaye, cikinsu har da Cory Lopez na jihar Fulorida. Hotunan da aka ɗauka na Lopez yana ɓacewa cikin kogon da ya ƙi ƙarewa sun girgiza masu wasan ko'ina. An yi ƙoƙarin ɓoye wurin da sunan aro, aka ɗauko shi daga Skeleton Coast, watau Gaɓar Ƙwarangwal, sunan da aka san gaɓar arewacin Namibiya da shi saboda ƙasusuwan manyan kifaye da gawarwakin jiragen ruwa da ke warwatse a kanta. Amma zancen duniya ba ya ɓuya. Cikin 'yan shekaru kowa ya san hanya.

Duk da haka wurin bai zama kasuwa ba kamar Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu, inda gidaje da kantuna suka kewaye tsinin. Dalili kuwa shi ne wurin da kansa yana tace masu zuwa. Daga gari sai an wuce gonakin gishiri, kwalta ta ƙare, a shiga yashi mai laushi wanda sai mota irin su Land Rover mai ja da ƙafa huɗu, kuma wanda bai san lokacin cikar teku da janyewarta ba yana iya barin motarsa a can. Ƙasar hamada ce wadda ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 20 ba, alhali Legas na samun fiye da 1,400. Tekun kuwa sanyi gare ta ƙwarai, domin wani magudanin ruwa mai suna Benguela yana taso da ruwan ƙarƙashi mai sanyi a duk tsawon gaɓar, har zafinsa kan sauka ƙasa da digiri 15, a lokacin da na Legas ke wuce 25. Sanyin wannan ruwa shi ke haifar da hazon da ke rufe wurin da safe, har mutum ya riƙa jin rugugin raƙumi bai gan shi ba.

BA NA ƊAN KOYO BA NE

Wanda ya jure wa hanya da sanyi, sauran babbar jarrabawa a cikin ruwa. Raƙumin ba shi da tsayi irin na waɗansu wurare a Hawai, amma yana da kauri da sauri. Yakan tsotse ruwan da ke gabansa har gindinsa ya yi ƙasa da sauran teku, saboda haka mahayi ba ya samun gangara mai sauƙi, faɗawa yake yi kamar daga kan katanga. Jinkirin ƙiftawar ido wajen miƙewa ya isa leɓen ruwa ya ɗauke shi ya maka shi da ƙasa. Mai karatu kada ya ce ai yashi ne, domin jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya daddaɓe, a ƙarƙashin ruwan da wani lokaci bai wuce ƙugu ba, bai da bambanci da daɓen siminti. Karyewar allo abu ne na kullum, shi ya sa kowa ke zuwa da uku ko huɗu. Gocewar kafaɗa da karaya ma suna aukuwa, ga shi babu masu ceto a bakin ruwa, asibiti kuma sai an sake ratsa yashin nan zuwa gari.

Bugu da ƙari, ruwan da ke gefen harshen gudu yake yi arewa kamar kogi a tsakiyar damina. Ba mai iya tuƙi ya yi gaba da shi. Mutum yakan shiga daga kan tsinin, ruwa ya riƙa jan sa, idan ya yi sa'a ya kama raƙumi a hanya, idan bai yi ba ya isa ƙarshe hannu banza. Ko ta yaya, tilas ya fito ya saɓi allonsa ya taka da ƙafa ya koma farko. Wanda ya yi zagaye goma a wuni ya taka kusan kilomita 20 ke nan cikin yashi da jiƙaƙƙiyar riga. Wannan jan ruwa shi ke warwatsa jama'a a tsawon gaɓar, har ko da mutane sun kai gommai ba a ganin cunkoso. Gwanaye da yawa sun wuni a nan ba su fito daga kogo ko ɗaya ba.

Amma sai an sha wuya akan sha daɗi. A 2018 wani saurayi ɗan Hawai mai suna Koa Smith ya kama raƙumi ɗaya a nan ya bi shi na kusan minti biyu, tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi, ya shiga kogo ya fita har sau takwas. An ɗauki hoton hawan da wata ƙaramar kyamara da ke tare da shi da kuma wata da ke shawagi a sama, jaridun duniya da ba ruwansu da wasan ma suka buga labarin.

YASHI BA YA ZAMA WURI ƊAYA

Tsinin da aka yi da dutse yana nan shekara dubu. Na Skeleton Bay kuwa yashi ne zalla, kuma yashin baƙo ne. Kogin Orange, wanda ya taso daga duwatsun Lesoto, shi ke kwaso shi ya zuba a teku a kan iyakar Namibiya da Afirka ta Kudu. Daga nan raƙuman ruwa su riƙa tura shi arewa a bakin gaɓa, ɗaruruwan kilomitoci, iska kuma ta kwashi wani ta tara shi tuddai a hamadar Namib. Wannan tafiya ba ta tsayawa dare da rana. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1970 sun nuna gaɓar Donkey Bay da wata siffa dabam da ta yau, watau raƙumin da ake ketare duniya dominsa bai daɗe da samuwa ba, kuma abin da ya kawo shi bai fasa aiki ba.

Shaidu suna nan a gaɓar. Hasumiyar fitilar da ke aiki tun 1932 a kusa da bakin tsinin aka kafa ta, yau kuwa yashi ya ƙaru ya wuce ta da nisa. Kudu da nan akwai Sandwich Harbour, inda jiragen ruwa ke tsayawa a ƙarni na 19 kafin yashi ya toshe bakin mashigar a yi watsi da ita. Can gaba kuma jirgin Jamus mai suna Eduard Bohlen, wanda ya kafe a bakin ruwa cikin hazo a 1909, yanzu yana kwance a tsakiyar yashi, ɗaruruwan mitoci daga teku.

A waɗansu wurare hannun mutum ne ya gaggauta abin. Wani sanannen fim na Bruce Brown mai suna The Endless Summer, wanda ya bazu a gidajen silima a 1966, ya bi samari biyu Amurkawa da allunansu ta Senegal da Gana da Legas har zuwa Cape St Francis a Afirka ta Kudu, inda suka tarar da tsini mai kyau ba kowa a kansa. Wannan fim shi ya cusa wa masu wasan mafarkin neman tsinin da ba kowa. Daga baya aka gina gidaje a wurin, aka shuka itatuwa don a tsayar da tuddan yashi, yashin da iska ke zubawa a teku ya yanke, bakin ruwan ya zaizaye. A Mundaka ta arewacin Sifen, yashe bakin kogi da aka yi a 2003 don jirgi ya wuce ya kawar da tudun da raƙumin garin ke karyewa a kai, har aka soke gasar duniya da aka saba yi a can a 2005, sai daga baya yashin ya komo.

Mazauna Legas sun ga irin wannan da idonsu. A gaɓar Nijeriya ta yamma yashi daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Katangun duwatsun da Turawan mulki suka miƙa cikin teku a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare shi, ya taru a gefen yamma, Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita. Teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello, kafin a cike wurin a kafa Eko Atlantic. Waɗannan katangu kuma su ne suka samar da lungun Tarkwa Bay, inda ruwan da ke dukan duwatsun ya dawo yake tayar da raƙumin da samarin wurin ke hawa a yau.

A Namibiya maganar ta wuce ta wasa. Harshen yashin nan shi ne garkuwar da ta kare tashar Walvis Bay daga haukan Atlantika. Tashar ita ce mafi girma a ƙasar, saboda muhimmancinta ne ma Afirka ta Kudu ta riƙe ta har 1994, shekara huɗu bayan Namibiya ta sami 'yancin kai a 1990. A 2019 aka buɗe sabon sashen sauke kwantena a cikinta, kuma ta nan kayan Botswana da Zambiya da Zimbabuwe da kudancin Kwango ke shiga da fita. Masana harkar gaɓar teku sun daɗe suna lura da inda harshen ya siranta, domin gudun kada wata rana teku ta ɓalle shi. Idan haka ta auku, ko kuwa aka kawo duwatsu aka ɗaure gaɓar don hana aukuwarta, siffar yashin da ke warware raƙumin za ta sāke, kuma babu hukumar da za ta fifita wasan baƙi a kan tashar da ke ciyar da ƙasashe.

Masu zuwa wurin sun san haka. Shi ya sa a farkon kowane lokacin sanyi tambayar da suke fara yi wa mutanen Walvis Bay ita ce yadda yashi ya kwanta bana, kafin su tambayi labarin hadari. Idan rana ta yi, kumburin ya fara raguwa, iskar kudu ta taso da ƙarfi kamar yadda ta saba, sai a ɗaure alluna bisa motoci, masu lafiya da karyayyu, a kama hanyar gari kafin teku ta cika ta rufe ta. Kafin wayewar gari iska ta share sawun tayoyin, diloli sun koma kiwon gawar sil a bakin ruwa.